Rogon cikin kwalba: wa ya san gaskiyarsa?

Baban Sadiya, Kujama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya kawo ta. Bara na sayi itacen rogo dami 28 a hannun wani mai a-kori-kura da ya tsaya bakin titi, ya rantse mini irin nan mai suna TME 419 ne. Na dasa farkon Yuni. Kafin watan Agusta ya ƙare, fiye da rabin gonar ganyen ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya takure kamar ledar da wuta ta lasa. Da na tona makon jiya, wani gindin saiwa biyu, wani uku, sirara kamar yatsun hannu. Jiya yarona da ke karatu a Zariya ya turo mini hoton rogo a cikin kwalba, ɗan tsiro kore da fararen jijiyoyi, zaune a kan wani abu kamar kokon da ya kwana. Ya ce wai irin wannan ba ya zuwa da cuta. To masu ilimi, shi ne GMO ɗin nan, irin da aka ce an canza wa ƙwayar halitta, da ake ta ce-ce-ku-ce a kai a rediyo? In na dasa, zan iya saran itacensa in sake dasawa baɗi, ko sai na koma na saya?

Ɗan Kawo:
Wa alaikumus salam. Baba Allah ya mayar da alheri. Ni dai shawarata ka yi nesa da shi. Abin da aka haifa ba ƙasa ba rana, me zai iya a fako? Yau su ba ka kyauta, gobe sai abin da suka yanka maka. Kakanninmu da wace kwalba suka yi noma?

Maman Blessing, Kachia:
Sannu Baban Sadiya, abin da ciwo. Wannan murɗewar ganye mun san ta a nan sosai. Matsalar ita ce kafin a ɗaure dami an riga an tsige ganyen, sanda ce tsirara ake miƙo maka. Mai lafiya da marar lafiya duk kamanninsu ɗaya. Ni shekara shida ke nan ban sayi itacen da ban ga gonarsa da idona ba.

Tsohon Malamin Gona, Tudun Wada:
Maganar Maman Blessing ita ce magana. Cutar nan ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Wani ɗan farin ƙuda da ke maƙalewa a bayan ganye ne ke kwashe ta daga wannan gindi zuwa wancan, amma babbar hanyarta ita ce hannunmu. Masara ƙwaya muke shukawa. Rogo kuwa jikin uwar muke sara mu binne, duk abin da ke jikinta ya bi ɗan. Kuma Baban Sadiya, ka yi haƙuri, da wuya abin da aka sayar maka ya zama TME 419 na gaske, don shi yana da juriyar wannan cuta. Sunan ya yi farin jini ne, kowane mai sanda shi yake kira. Batun kwalba kuwa akwai 'yarmu a zauren nan da ta yi aikin da hannunta, Ummu Haidar, bismillah.

Ummu Haidar:
Na gode Baba. Ina gaida iyayena da yayyena. Shekara biyu na yi a ɗakin gwaje-gwaje lokacin digirina na biyu, ina renon tsiro a kwalba, abin da ake kira tishu kalca. Amsa a taƙaice: wanda ke cikin hoton nan ba GMO ba ne. Dashen itace ne irin wanda kuka sani, sai dai itacen ƙarami ne ƙwarai, kuma gonar kwalba ce.

Ga yadda muke yi. A can ƙarshen toho, ƙarƙashin 'yan ganyayyakin da ba su buɗe ba, akwai wani ɗan ƙullutu da bai kai rabin milimita ba. Nan ne tsiro ke ƙirƙirar sabon jiki. Jijiyoyin da ke kai ruwa da abinci ba su gama isa wurin ba, ga shi yana girma da sauri, shi ya sa sau da yawa bairos bai riske shi ba. Mukan fara da ajiye uwar a ɗaki mai zafi, wajen digiri 38, na 'yan makonni, don zafi na rage wa cutar gudu. Sai a yanko tohon, a wanke da sifirit, a jiƙa a ruwan bilic irin Hypo ɗin nan na wanki amma a tsarma shi, a ɗauraye da ruwan da aka dafa. Daga nan sai madubin ƙara girma da wuƙar tiyata, kana ɓare ganye ɗaya bayan ɗaya har ka kai ga ƙullutun. Makon farko duk wanda na taɓa sai na murƙushe shi.

Abin da Baban Sadiya ya kira kokon da ya kwana, abincin tsiron ne. Ruwa ne da gishirin ma'adinai irin na taki, da sukari giram 20 zuwa 30 a lita, da bitamin, da ɗan sinadarin da ke sa toho da jijiya. Ana daskarar da shi da aga, wani gari da ake samu daga ciyawar teku. Wasu masana biyu, Murashige da Skoog, su suka fitar da haɗin a 1962, har yau da shi ake aiki. Tsabtace rogo ta wannan hanya kuma tun 1975 aka nuna yana yiwuwa. In tsiron ya tashi ba a yarda da ido, sai an yi masa gwajin PCR an tabbatar babu bairos, sannan a fara yawaita shi.

Don haka Baban Sadiya, za ka sari itacensa ka dasa baɗi da baɗin baɗaɗa, ba mai hana ka.

Ɗan Kawo:
Malama kin dai ce sinadari da bakinki. Mu za mu ci shi ke nan a teba.

Ummu Haidar:
Yaya, sinadarin nan a lita guda bai kai ƙwayar gero ba, kuma lita guda kwalabe da yawa take cikawa. Ranar da za a fitar da tsiron wanke jijiyarsa ake yi tas, don in an bar sukari a jiki rima za ta cinye shi. Sai ya yi makonni a rumfa yana sabawa da iska, ya shekara a gonar iri, a sari itacensa a sake dasawa, kafin ya zo hannunka. Tsakaninsa da kwalba damina biyu ko uku. Maganin ciyawar da muke fesawa ba takunkumi ba safar hannu ya fi cancantar wannan tsoron.

Matashin Rigasa:
Anti don Allah nawa zan tanada in buɗe irin wannan a ɗakina? Ina da firji da sola. Naga harkar za ta kawo kuɗi.

Ummu Haidar:
Ƙanena firji ba ya cikin lissafi ma. Abokin gabarka ƙura ce. Abincin da tsiro ke so, shi ƙwayoyin cuta ke so, kuma sun fi shi sauri. Dole ka dafa abincin da kayan aiki a tukunyar matsin tururi a digiri 121 na minti 15 aƙalla. Dole ka yi yankan a cikin akwatin da ke hura tatacciyar iska. Ɗakin reno kuma digiri 25 zuwa 28, haske awa 16 kullum. Akwai lokacin da aka ɗauke mana wuta kwana uku a watan Maris, janareto ya ƙi tashi, aikin wata huɗu ya dahu a kwalabe. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Ka tuna ƙurar hunturun Kaduna, sannan ka sake tunani.

In da gaske kake, ka nemi bayanin abin da ake kira SAH. A Ajantina aka ƙirƙiro shi don dankalin turawa, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta juya shi ga rogo wajen 2016. Ana karɓo tsiro mai tsabta daga kwalba, a dasa a 'yan akwatunan roba masu murfi a kan wata ƙasa mai laushi, ba sukari. Duk mako biyu zuwa uku a yanke kansa a dasa a wani akwatin. Tunda babu sukari, ba ya buƙatar tsananin tsabtar can, kuma tsiron ya fi ƙwari in ya fita. Shi ma dai yana son wuta.

Tsohon Malamin Gona, Tudun Wada:
'Yata kin yi bayani, Allah ya yi albarka. Amma bari tsoho ya zuba ɗan ruwan sanyi. Wanka ba rigakafi ba ne. Ka kawo tsiro mai tsabta ka dasa kusa da gonar maƙwabci mai cuta, in irin ba mai juriya ba ne, farin ƙuda zai mayar da shi gidan jiya cikin damina ɗaya ko biyu. Na ga wannan da idona.

Inda na yarda da kwalba ɗari bisa ɗari shi ne yawaita iri. Rogo malalaci ne wajen haihuwa. Gindi ɗaya ya shekara, ya ba ka yanka goma. Hekta ɗaya tana cin yanka 10,000 in ka ba da tazarar mita ɗaya, wato dami 50 zuwa 60 mai sanda hamsin-hamsin. Masara kuwa zangarniya ɗaya ƙwaya ɗaruruwa. Shi ya sa za ka ji an fitar da sabon iri a cibiyar bincike ta Umudike ko ta Ibadan, a shekara goma bai iso Kagarko ba. A Disambar 2020 an saki iri biyar, Game Changer, Hope, Obasanjo-2, Baba-70 da Poundable. A zauren nan wa ya taɓa riƙe ɗaya a hannu?

Ga kuma namu na Arewa. Rani wata shida, itacen da ka sara ya bushe, wanda ka jingina a inuwa gara ta ci, wanda ka bari a tsaye dabbobi su yi kiwo. Ruwa na sauka kowa ya fita neman sanda ido rufe, sai mai a-kori-kura ya samu kasuwa. Najeriya ce kan gaba a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma da faɗin gona muke samunsa. Hekta ɗaya a matsakaici ba ta kai tan 10, alhali iri mai kyau da kulawa yana haura 25.

Ummu Haidar:
Haka ne Baba. A kwalba duk mako shida tsiro ɗaya na ba da gaɓa kamar huɗu, kowace gaɓa sabon tsiro. A takarda, zagaye takwas a shekara ya haura 65,000. A zahiri ba a kaiwa, wasu su ruɓe, wasu su mutu ranar fita. Amma ko kashi ɗaya cikin goma aka samu, ina goma ina dubu shida?

Hajiya Mai Kwaki, Kakuri:
Ni duk wannan lissafin naku bai dame ni ba. Abin da na sani, in na sayi buhu goma na ɓare na markaɗa na matse na soya, mudu nawa zan auna? Akwai rogon da ruwa ne zalla, ka ga saiwa ƙatuwa kamar cinya, a matse ta koma ba komai. Mai ruwan ɗorawan nan da aka kawo mana wai mai bitamin, kalarsa ta yi kyau, ba sai na zuba manja ba, amma na farkon bai auki kamar fari. Sannan rogo kwana biyu uku da tonowa ya fara baƙin zare a ciki. In masu kwalba na da abin yi, su yi mana maganin wannan.

Malam Na Unguwar Rimi:
Tambayar Hajiya ta taɓo inda nake so a je. Malama ta ce kwalba ba ta canza iri, wanka take masa ta yawaita shi. To ta ina ake samun sabon irin? Kuma me ya sa duk inda aka yi maganar GMO sai an nuno hoton kwalba? Ruwa ba ya tsami banza.

Ummu Haidar:
Malam ka kama ni, dama na bar rabin zancen. Duk irin da aka ambata a nan, TME 419, da masu bitamin A na farko da aka saki a 2011, da biyar ɗin da Baba ya lissafa, ba wanda aka sa wa ƙwayar halitta daga waje. Ko dai an zaɓo su ne daga gonakin manoma, ko an haɗa auren fure da fure. Wahalar ita ce rogo ba ya son fure, wani irin ma sai ya ga dama. In ya yi 'ya'ya, kowace ƙwaya da halinta, ba mai kama da uwa sak. Sai an shuka dubbai ana zubarwa, shekara takwas zuwa goma kafin a tsayar da ɗaya. A nan kwalba 'yar aike ce. Ana fasa ƙwayar a ciro ɗan tayin a rena shi don kada ya mutu. Ana adana ɗaruruwan iri a ɗaki ɗaya. Kuma in za a kawo iri daga cibiyar CIAT ta Kolombiya, a kwalba yake ƙetare iyaka, ba a sanda ba.

Amma akwai hanya ta biyu mai zurfi. A ɗauki ɗan jaririn ganye a ɗora a abinci mai sinadari mai ƙarfi, irin su pikloram. Maimakon ya yi toho sai ya rikiɗe ya zama wani ɓarɓashi mai launin ƙwai, kamar dambu. Kowane ɗan ƙwayar dambun nan na iya zama cikakken rogo. Wannan shi ne ƙofar GMO. Ana haɗa dambun da wata bakteriya ta cikin ƙasa, Agrobakteriyam, wadda dama ɗabi'arta ce cusa ƙwayar halittarta a jikin tsiro, sai a ba ta saƙon da ake so ta kai. A 1996 aka fara cin nasarar samar da rogon GMO. Irin da ya fi karɓar aikin, 60444, asalinsa ma daga Najeriya ne. Kenya ta bi wannan hanya saboda wata cuta da ke ruɓar da saiwa daga ciki a gabashin Afirka, a 2021 hukumarsu ta amince a ci gaba da gwajin irin a gonakin gwaji na ƙasa. Mu ma an yi gwaji a killataccen fili a Umudike. Duk rogon GMO sai ya bi ta kwalba, shi ya sa kuke ganin hoton. Amma mafi yawan abin da ke kwalba ba ruwansa da GMO.

Tsohon Malamin Gona, Tudun Wada:
Batun ƙetare iyaka ya tuna mini. Farkon shekarun 1970 wani ƙwaro mai farin gari kamar auduga ya shigo Afirka ta yankin Kwango, a jikin itacen rogo daga Kudancin Amurka. Ya kusa gamawa da rogon nahiyar nan. Sai da aka je can aka samo wani ɗan zanzaro da ke kashe shi aka saka, Hans Herren na IITA ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 1995 a kan aikin. Sanda ce ta jawo duk wannan. Kuma Ɗan Kawo, rogon kakanninmu ma baƙo ne, Turawan Fotugal suka kawo shi daga Brazil.

Ɗan Kawo:
Baba na ji. Amma Malama ki faɗa mana tsakaninki da Allah, wannan dambun naku bai taɓa ɓata iri ba?

Ummu Haidar:
Ya taɓa, kuma ba ƙaramin ɓaci ba. Akwai iri mai suna TME 204 da manoman Yuganda ke so, yana da juriyar wannan cutar ta murɗewar ganye. Masana na cibiyar Danforth a Amurka da abokan aikinsu na Yuganda da Kenya suka bi da shi ta hanyar dambu don ƙara masa kariya daga cutar ruɓewar saiwa. Da aka kai gona sai ga ganye ya murɗe. Juriyar da yake da ita tun asali ta tafi. Aka bincika, har waɗanda ba a sa musu komai ba, bin hanyar dambun kawai suka yi, su ma sun rasa. An wallafa wannan a 2016. Sai a 2022 aka gano bakin zaren: a irin waɗannan rogon, ba duk sassan jiki ne ke ɗauke da canjin da ke ba da juriyar ba, kamar riga mai shafi biyu. Dambun daga shafin da ba shi da ita yake tasowa. Wanda aka yawaita ta gaɓa, kamar na hoton Baban Sadiya, bai rasa komai ba.

Ɗan Kawo:
To kun ji! Ni da aka mayar jahili.

Ummu Haidar:
Ba wanda ya ce haka Yaya, tsoronka na da tushe. Abin da zan ƙara kawai, gonar gwaji ce ta tona asirin tun bai kai hannun manomi ba, kuma su masu aikin ne suka fito suka faɗa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Juriyar TME 419 da yawancin irin da muke yabo, daga wannan tushe ɗaya take. Duk mun jingina da bango guda.

Malam Na Unguwar Rimi:
Saura hukuncinsa a addini. Ba canza halitta ba ne?

Admin:
Malam a kai wannan gaban malamai, nan zauren noma ne. Wancan karon da aka ɗauko zancen waken GMO ɗin nan, SAMPEA 20-T na Samaru, sai da muka cire mutum uku.

Hajiya Mai Kwaki, Kakuri:
Ba a amsa mini batun baƙin zare ba fa.

Ummu Haidar:
Hajiya afuwan. Ana aiki a kai, amma ba ni da irin da zan nuna miki yau in ce ya rabu da shi. Abin da ke hannu shi ne na gargajiya: a sare ganye da rassa kamar mako biyu kafin tono, a guji jin wa saiwa ciwo, a sarrafa da wuri. Batun auki kuwa ki ce masu kawo miki su nemi TME 419 na gaske, yana da gari.

Baban Sadiya, Kujama:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. To yanzu itacen da na tara a gindin mangwaro fa? Maƙwabcina ya riga ya ce in bar masa dami goma.

Tsohon Malamin Gona, Tudun Wada:
Kada ka ba shi, kada ka sayar, kada ka dasa. A bar shi ya bushe a hura wuta. In ka ba maƙwabci, farin ƙuda zai dawo maka da kayanka ta kan iyaka. Mai son iri mai takarda ya nemi masu yawaita itacen da hukumar iri ta ƙasa, NASC, ta tantance. IITA GoSeed da Umudike Seeds su ke ba su tushen. Kuɗin mota ne zai yi yawa ga mutum ɗaya, sai dai a haɗa.

Maman Blessing, Kachia:
Baban Sadiya kafin a haɗa ɗin damina ta yi nisa. Ina da wajen rabin hekta da ban tona ba, an yi ruwa sau biyu, sabon ganye ya fito, yanzu ne cuta ba ta iya ɓuya. Ka zo Asabar ka zaga da ƙafarka, gindin da ka yarda da shi ka ɗaura masa tsumma, shi za a sara maka. Ka taho da maƙwabcin naka.

Ɗan Kawo:
Mama in akwai wuri a motar a sa da ni. Dami biyar kawai, na gwaji.

Matashin Rigasa:
Anti Ummu na turo miki saƙo ta gefe kan akwatunan nan, ki duba don Allah.